Jarkar Zamzam Ɗin Alhaji

A Yakasai, in ka bi lungun masu wankin hula ka karya dama, akwai wani gida mai soro biyu, gidan marigayi Alhaji Isyaku mai fata. Duk jaririn da aka haifa a zuriyar gidan nan, ba ya kaiwa ranar suna sai an ɗiga masa zamzam a baki. Kuma ba kowane zamzam ba, na Alhaji. Wanda ya ɗauko da hannunsa a hajjinsa na ƙarshe, cikin wata farar jarka mai shuɗin murfi, ya dawo bai rufa shekara ba Allah ya karɓi abinsa.

Matarsa Hajiya 'Yardada ce ke riƙe da jarkar. Shekara goma sha wani abu ke nan tana ajiye a kan tagar ɗakinta, tagar da ke kallon yamma. Ba ta yarda a sa ta a akwati, ba ta yarda a yafa mata ko ɗankwali, wai so take in ta sallame salla ta ɗaga kai ta gan ta. Ranar la'asar ta dake ta, zafin kwanon rufi ya gasa ta, bazara ta zo ta wuce, wata ta zo, jarka na nan. Har farinta ya dafe, ya koma kamar haƙorin mai cin goro.

Za ku ce yaya aka yi ruwan jarka ɗaya ya kai waɗannan shekaru? To ai Hajiya ba ta bari ya ƙare. Da ta ga ya yi ƙasa sai ta aika shagon Lawal na bakin lungu a sayo mata fiya wata, ruwan leda, irin wanda yake jibgewa a ƙofar shago rana na dukansa. Ta fasa da haƙori ta ƙara, ta girgiza da bismilla. Cewa take ko ɗigo ɗaya ya rage na asali, albarkarsa ta game sauran. Jarirai sun sha, mai zazzaɓi ya sha, mai jarrabawa ya sha, mai naƙuda ta sha. Ita kanta duk Juma'a sai ta kurɓa, ta yi wa Alhaji addu'a.

Ana nan sai autarta Halima Sadiya ta haihu, haihuwar fari, namiji. Daga asibiti gida aka wuto da ita, wanka. Mijinta Muttaka, ɗan Ƙofar Mazugal, ya yi wa yaro huɗuba da sunan Alhaji. Da aka gaya wa Hajiya, sai da ta shiga ɗaki ta share hawaye. Sunan nan ba ta taɓa faɗarsa da bakinta ba tun tana amarya, ba kuwa yanzu za ta fara ba. Nan take ta raɗa masa Maigida.

Ta karɓe shi ta ɗora a cinya, ta sauko da jarka, ta tsiyaya a ɗan cokalin shayi. Ta kai cokali ke nan sai ta ji muryar Sadiya daga kan gado.

"Inna, tsaya. Kada ki ba shi."

Hajiya ta ɗauka gajiyar haihuwa ce ke sa ta sambatu. "Kwanta ki huta, 'yar nan. Zamzam ne."

"Na san shi ne. A asibiti cewa aka yi nono zalla, ko ruwa kada a ba shi. Na ce na ji, ɗigon zamzam ɗaya zan kau da kai, don na san gidanmu. Amma ba daga jarkar nan ba."

"Wace jarkar? Ta ubanki?"

"Inna, dube ta fa. Ta tsufa, rana ta cinye ta. Roba in ta sha zafi zuba take a cikin ruwa, ɓurɓushi-ɓurɓushi, ƙanana, ido ma ba ya ganin yawancinsu. Tun ina zuwa awo ake mana bayani. An samu irinsa a jinin mutane. An samu har a mabiyar jarirai."

"Mabiyar ɗanki ni na wanke ta da hannuna na binne ɗazu. Ban ga bokiti a ciki ba."

"Na ce miki ido ba ya gani."

"To me yake wa mutum, ɓurɓushin naki?"

"Ana zargin yana taɓa hanyoyin jini, ana zargin yana taɓa haihuwa. Masu binciken ma sun ce ba su gama sanin iyakar ɓarnarsa ba."

Hajiya ta tafa hannu ɗaya a gwiwa. "Au! Ba su ma sani ba!"

"Ba su gama sani ba. Ni kuma ba a kan ɗana za a gama sani ba."

Jama'a, wannan magana ita ta ƙona wa Hajiya rai. Ɗana. A ɗakinta, a kan gadon da ta haife ta, yarinyar da jiya-jiya take goge wa majina ke ce mata ɗana, ko kunyar ɗan fari babu.

"Zamzam kike ce wa guba, Sadiya?"

"Ban ce zamzam ba. Jarka na ce."

"Ranar da naƙuda ta kama ki kina birgima a tsakar gidan nan, me na ba ki? Ba ki shanye ba?"

"Ranar nan ko kananzir kika miƙo min sha zan yi."

Hajiya ta mayar da ruwan cokalin cikin jarka a hankali, kada ɗigo ya zuba. Ta miƙe ta kwantar da jaririn a gefen uwarsa. Ta dubi Sadiya.

"To ki ji da kyau. Wallahi tallahi, hannuna ba zai ƙara ɗaukar yaron nan ba sai ruwan Alhaji ya shiga bakinsa. Yana ɗauke da sunan mutum, a ce ruwan mutumin ne ƙazanta a wurinsa? Riƙe abinki."

Ta fita ta bugo ƙofa.

Kun san rantsuwa fitarta ba wuya. Zama da ita ne aiki.

Hajiya ba ta fasa komai na jego ba. Ita ke hura wuta ta dafa ruwan wanka, ta tsoma ganyen darbejiya ta fyaɗa wa Sadiya a baya, har ma fyaɗin ya fi na kullum ƙarfi. Ita ke dama kunun kanwa, ita ke gasa nama da yaji. Amma jariri, ko yatsa. Wankansa ma maƙwabciyarta Lami ta kira take yi, ita tana tsaye a kanta hannu a baya tana faɗa. "Tallafe masa wuya, Lami, ba tulu ba ne! Ruwan ya yi zafi! Ke haka kika yi wa naki, shi ya sa duk kawunansu suka karkace?"

'Yan barka na shigowa, kowace ta ɗauki yaro ta yi masa wasa, ta miƙo mata. "Hajiya, ga angon naki." Sai ta ce hannunta da yaji. Wata ta miƙo, ta ce hannunta da toka. Kafin a kwana biyu duk lungun an san akwai magana.

In ya yi kuka, har cikin ƙirjinta take ji. Tana daga ɗakin girki za ta gane kukan yunwa ne ko na ciwon ciki, ta san inda za ta dafa masa ya yi shiru, tana ji Sadiya na jijjiga shi kamar mai tankaɗe. Sai ta ciji leɓe ta ƙara wa murhu itace, ta huce a kan wuta.

Ita kuma Sadiya ba ta sassauta ba, sai ma abin ya yaɗu. Aka kawo mata tuwo a ƙulle a leda cikin kula, yadda kowa ke yi, ta ce a daina sa mata tuwo mai zafi a leda. Aka zubo kunu yana tururi a jug ɗin roba, ta ce a juye mata a kwanon sha. Aka kawo fiya wata daga wurin Lawal, ta taɓa ta ji ɗumi, ta ture.

"To sarauniya, me za ki sha?" in ji Hajiya. "In aika Makka a ɗebo miki a tafin hannu?"

"A dafa na famfo a zuba a kwano ya huce."

"Famfon da rabonsa da kawo ruwa tun kina da cikin wata uku? Na mai kurar ruwa za a dafa, shi ma a jarka yake zuwa."

"Na sani, Inna. Ba duka zan iya kauce wa ba. Wanda zan iya ne nake kauce wa."

"Sai ruwan ubanki ne ya zama wanda za ki iya."

Ana gobe suna, da hantsi, Sadiya na bayi. Yaro na barci shi kaɗai a ɗaki. Hajiya ta leƙa ta gan shi, ya dunƙule hannu a gefen kunne, ga goshin nan na Alhaji sak. Sai zuciya ta raya mata: ai ɗauka ta rantse ba za ta yi ba, ba ta rantse a kan cokali ba. Ɗigo ɗaya, magana ta ƙare, ta rungumi abinta gobe a gaban mutane. Ta shigo a sace ta ɗebo a cokali, ta sunkuya. Ɗan bakin nan a rufe gam. Tana cikin shafa masa leɓe da gefen cokali don ya buɗe, sai ji ta yi an doke mata hannu. Cokali ya yi sama, ruwa ya watse a siminti.

Suka tsaya suna kallon juna, Sadiya ɗaure da zani, ruwa na ɗiga daga jikinta.

"Zamzam kika zubar a ƙasa," in ji Hajiya. "Hannuna kika doke."

"Ki yafe min dukan hannu. Amma yau zan bar gidan nan. Tunda ba zan iya shiga bayi in bar shi a ɗakinki ba, gara in koma ɗakina."

"Ana gobe suna? Ba ki yi arba'in ba?"

"A yi sunan a Ƙofar Mazugal."

Ta ɗauki waya ta kira Muttaka, Hajiya na ji, ta ce ya zo da adaidaita bayan la'asar.

Mai jego ta bar gidan uwarta ana gobe suna! Ga buhun shinkafa an sauke, ga mata an gayyata, ga itace an tara. Abin da za a yi ta faɗa ke nan a Yakasai har yaron ya yi gemu. Hajiya ta aika Lami unguwar Sheshe da gudu ta kira mata Malam Ashafa, ƙanin Alhaji, tsohon dillalin shanu, wanda su Sadiya ke kira Bappa. Shi kaɗai ya rage a manyan gidan, kuma tsakaninsa da Hajiya wasa ne na ƙanin miji tun tana amarya. Yau dai ba ta kira shi don wasa ba.

Ya iso bayan azahar yana dogara sanda, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar tsakar gida. "Uwargida, an ce kin kusa cinye lungu. Wa ya taɓa min ke?"

"Ashafa, ba na son shashanci. 'Yarka ce ta ce ruwan ɗan'uwanka guba ne."

Sadiya ta fito da mayafi ta durƙusa. Jakarta na bakin ƙofa, a ɗaure. Ta faɗi nata, Hajiya na katse ta a kowace gaɓa. Bappa ya saurara yana murza carbi.

"To ni dai ruwan zamzam ba ni da ta cewa a kansa," in ji shi. "Mai albarka ne, babu musu. Amma jarka fa ba daga sama aka saukar da ita ba, uwargida. A kasuwa Yaya ya saye ta, ina tsaye, har ya nemi ragi."

"Wa ya tambaye ka tarihin kasuwa?"

"Sau nawa kika ƙara mata ruwa?"

"Ban ƙirga ba."

"Ashe ruwan Lawal ne da 'yar gaisuwa daga Makka."

"Allah ya shirye ka, Ashafa! Da furfurarka! Na kira ka ka tsawatar wa yarinya, ka zo kana taya ta? Dama kai tun Alhaji na da rai ba ka da aiki sai cin tuwona da musu." Ta miƙe, ɗankwali ya zame ba ta kula ba. "Ku zauna nan. Ku duka biyun. Yanzu zan zuba shi a gabanku in sha, in ya so in faɗi in mutu ku huta."

Ta shiga ɗaki ta fito da akushin Alhaji, baƙin akushin itace da ba wanda ya ci tuwo a ciki tun rasuwarsa. Ta dire shi a tsakiyar rana. Ta koma ta sunkuto jarkar. Da ma kullum a hankali take karkata ta a kan taga, tana tallafe da gindinta. Yau kuwa da fushi ta fizgo ta ta hannu. Tana isowa kan akushin sai ji aka yi ƙaras. Hannun jarkar ya ɓalle ya zauna a tafinta. Allah ya sa ta tare jikin da gwiwa, ruwan ya kwararo cikin akushi, bul-bul-bul, ta murfi da ta inda ya fashe.

Ta buɗe tafinta. Abin da ke ciki ya marmashe kamar busasshen ƙanzo.

Duk suka sunkuyo suna kallo. Ruwa ya gama rawa a akushi ya kwanta. Baƙin itace a ƙasa, rana a sama, sai ga su. Fari-fari, suna yawo a kan ruwan kamar amosanin kai, wasu na lilo a tsakiya, wasu sun kwanta a gindi.

"Na fashewar yanzu ne," in ji Hajiya.

Ta zura yatsa cikin jarkar ta inda ya ɓare, ta shafo bangon ciki, can ƙasa inda fashewa ba ta kai ba. Yatsan ya fito da farin gari, kamar ta taɓa alli.

"Gishirin zamzam ne," ta ce, amma a hankali. "Ai an ce yana da gishiri."

"In gishiri ne, wuta ta san shi," in ji Bappa. Wannan karon ba da tsokana ya faɗa ba.

Wutar ruwan wankan yamma na ci a murhu. Hajiya da kanta ta je ta ciro garwashi a marfin tukunya. Ta yayo fari-farin nan daga kan ruwa da cokali, ta haɗa da na yatsanta, ta kaɗe a kan garwashin. Ta jira ta ji ƙara irin ta gishiri. Ba ta ji ba. Ruwan ya yi cuu ya ƙafe, abin ya nannaɗe, ya narke, ya yi baƙi. Wani siririn hayaƙi ya taso ya shiga hancinta.

Ta san warin nan. Kullum da safe da shi take tashi, in ta cusa leda a ƙarƙashin itace don wuta ta kama.

Ta daɗe a tsugune. Jikokinta ta shiga lissafowa a zuci, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗan bakinsa a buɗe, ita da cokalinta da bismillarta. Da kanta duk Juma'a. Da Sadiya, cikin naƙuda, kofi guda cur.

Da ta miƙe, Bappa ya ɗauka kuka za ta yi. Ina! Wurgi ta yi da guntun hannun jarkar ya daki bango.

"Wane la'ananne ne ya ƙera wannan abu? Wane marar tsoron Allah ne? Ya san ba ta son rana?"

"Ya sani mana," in ji Sadiya.

"Ya sani! Ya sani ya yi shiru! Mutum ya tafi har ɗakin Allah, ya ɗebo ruwa da hannunsa, ya ɗauko a kafaɗa da ciwon bayansa, ya kawo min, ashe sun riga sun shiga ciki sun zauna! A zamzam ɗina! Me ya hana su faɗa?"

"Wataƙila sun rubuta a jiki," in ji Bappa.

"Da wane yare? Da wane yare, Ashafa? Ni suka rubuta wa ko uwarsu?"

Ta faɗa ɗakin girki. Sai ga jug ɗin kunu ya fito yana tashi sama, sai kofuna, sai robar da take juye miya mai zafi, sai bokitin fenti da take jiƙa gero, sai ƙullin ledar tuwo. Kaji suka watse. Bappa ya janye ƙafa ya kare kai da sanda.

"A hankali, uwargida, ni ba roba ba ne!"

"Kai ma ka tsufa ka marmashe! Ina ƙoren da na zo da su gidan nan? Ina kwanonin samira? Aka zo aka ce mana wannan ta fi, ba ta fashewa, ba ta tsatsa, ba ta da nauyi. Ashe ba fashewa take ba, shiga cikinmu take! Shi kuma Lawal, bari in gama, ya jibge ruwa a rana kamar mai shanyar barkono yana sayar wa mutane!"

Ta dawo ta tsaya a kan akushin tana haki. Ta dubi Sadiya, ido jajur.

"In na tace fa? Da farin ƙyalle, ninki huɗu?"

Sadiya ta sunkuyar da kai. "Manyan za su tsaya, Inna. Ƙananan wucewa za su yi."

"Kuma kika ce har a mabiya. To nonon da kike ba shi fa?"

"An ce shi ma an samu a ciki. Amma sun ce kada a fasa, nono ya fi masa komai."

"To me ya rage? Me suka bar mana?"

Daga ɗaki jariri ya fara kuka.

Hajiya ta juya, amma ba wurinsa ta nufa ba. Ƙuryar ɗakin ta shige, aka ji ta tana jan akwati. Ta fito da wani farin yadi a ninke, yana warin kafur. Bappa na ganinsa ya ce, "Inna lillahi." Likkafaninta ne. Alhaji ne ya sayo guda biyu a hajjin nan, aka yi amfani da ɗaya.

Ta durƙusa ta tsoma shi a akushi, ta juye sauran ruwan jarkar a kai, ta danna da tafi biyu har yadin ya shanye.

"Ba za a zubar da shi a kwata ba," in ji ta, ba ta kalli kowa ba. "Ba kuma wanda zai ƙara sha. Ni da za a rufe a ƙasa, in sun ga dama su biyo ni can, su ga abin da za su samu."

Ta matse a hankali a cikin akushin, ta sake tsomawa, har ba sauran ruwa. Ta shanya shi a igiya, can gefen da babu kayan jariri.

Sai ga sallama daga soro, muryar Muttaka, ga kuma ƙarar adaidaita a bakin lungu. Kukan yaro ya ƙaru. Sadiya ta yunƙura za ta tashi.

"Zauna," in ji Hajiya. "Jijjigar nan taki ce ke ƙara masa ciwon ciki."

Ta shiga ta fito da shi a kafaɗa. Ta dafa masa ƙasan baya da yatsu biyu, ya yi gyatsa, ya yi tsit. Hannunta ɗaya da sauran danshin ruwan. Ta dube shi, ta dubi Sadiya. Sannan ta ɗora tafin a tsakiyar kansa, can nesa da baki, ta yi addu'ar da take wa kowane jika. Sadiya na kallo, ba ta hana ta ba.

"Uwargida," in ji Bappa, "rantsuwa fa ta karye. Akwai kaffara. Miskinai goma za ki ciyar."

"Na sani, ba kai za ka koya min ba. Kai ne na farko a cikinsu. Kuma ka zo da kwanonka, wallahi ba zan ƙara ƙulla wa kowa tuwo a leda ba."

"Kin ga, wata rantsuwar kuma."

"Tashi ka ba ni wuri! Je ka gaya wa yaron nan a soro ba inda matarsa za ta. Tunda ya riga ya ɗauko adaidaita, ya wuce kasuwa ya sayo min randa da tulu kafin magariba. Ya ƙwanƙwasa ya ji, kada a sayar masa da mai tsaga."

Bappa ya miƙe yana dariya ƙasa-ƙasa, ya tsallake kofunan da ke warwatse. Sadiya ta ja jakarta ta mayar ɗaki.

Hajiya ta zauna a bakin tabarma da jikanta, ta juya wa tagar ɗakinta baya, don ba ta son ganin wurin da jarkar ta bari. Ta gyara masa hula.

"Ka ga abin da suka yi mana, Maigida?" ta ce masa. "Kai kaɗai ne ba ka sha ba. Kai mai sunan. Allah ya isa tsakanina da su."

Yaro ya kama yatsanta ya nufi baki da shi. Ta fizge da sauri, ta goge a zani, ta ɗaga murya.

"Sadiya! Kawo min ruwa in wanke hannu. A kwano!"